HUTU A TSIBIRIN OKINAWA

A kudu maso yammacin ƙasar Japan akwai waɗansu tsibirai da suka jeru cikin teku kamar carbi, tun daga gindin tsibirin Kyushu har kusa da Taiwan. Mafi girma a cikinsu shi ne Okinawa. Tsawonsa mil 66 ne, amma siriri ne ƙwarai, har akwai inda faɗinsa bai fi mil 2 ba. Daga Tokyo zuwa Naha, babban birninsa, kusan mil 1,000 ne, watau tafiyar sa'a 2 da rabi ko 3 cikin jirgin sama. Ƙanƙara ba ta kwanta a can, saboda haka idan sanyi ya matsa wa mutanen Tokyo da Osaka, can su ke gudu. A shekarar 1919 ba wanda zai ce talakan tsibirin nan zai zama wurin shan iska, amma ga shi a 2019 baƙin da suka sauka a lardin sun haura miliyan 10, alhali mutanen ƙasar duka ba su cika miliyan ɗaya da rabi ba.

Yawancin baƙin nan farin rairayi da shuɗin ruwa ne ya ke kawo su, kuma ba su yi asarar kuɗinsu ba. Amma akwai abin da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani tun bai hau jirgi ba. Kusan duk abin da zai gani a Naha ya zaci tsoho ne, sabo ne. Yaƙin 1945 ya share birnin, ya kashe wajen mutum ɗaya cikin kowane huɗu na mutanen tsibirin, waɗanda suka ragu su ne suka tono sana'o'insu da kiɗansu da abincinsu daga cikin toka. Wanda ya san haka, ko ƙoƙon shan ruwa ya ɗauka a kanti, da wani ido dabam zai dube shi.

SARAUTAR RYUKYU

Da can Okinawa ba ƙasar Japan ba ce. Tana da sarkinta da harshenta, sunanta kuwa Ryukyu. Wani sarki, Sho Hashi, shi ya haɗa tsibirin ƙarƙashin sarauta ɗaya a 1429, sarautar kuma ta yi shekara 450. Ƙasar ba ta da zinariya, ba ta da yawan jama'a, sai dai Allah ya ajiye ta a mararrabar hanyoyin teku. Sarakunanta suna aika wa Sarkin Sin gaisuwar dawaki da farar wuta, shi kuwa ya ba su izinin ciniki. Jiragensu su ɗauki tangaran da alharini na Sin su kai Siyam da Malaka da Jawa, su komo da masoro da itacen rini. Da fatauci suka yi arziki.

A 1609 mai mulkin Satsuma, wani lardi na kudancin Japan, ya aiko da mayaƙa wajen 3,000 suka ci ƙasar. Amma ba su tuɓe sarautar ba, gama sun san in Sarkin Sin ya ji Ryukyu ta koma hannun Japan, cinikin ya mutu ke nan. Sai suka bar sarki bisa gadonsa, suna karɓar haraji ta bayan gida, idan jakadun Sin suka zo naɗin sabon sarki kuwa, ma'aikatan Satsuma su ɓuya har baƙin su tafi. Wanda ya karanta tarihin En'e ba zai rasa gane irin wannan tsari ba. Haka a ke har 1879, sa'ad da gwamnatin Japan ta soke sarautar, ta kai Sarki Sho Tai Tokyo, ta mai da ƙasar lardi.

Fadar sarakunan tana bisa tudun Shuri, gabas da tsakiyar Naha. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya bisa dogo guda a kan ginshiƙai, wanda aka buɗe a 2003, yana tashi daga filin jirgin sama ya bi ta tsakiyar gari ya ajiye mutum kusa da tudun. Abin da zai fara ba baƙo sha'awa shi ne ganuwar. Da farin dutsen teku aka gina ta, tana lanƙwasa tana bin jikin tudun kamar an naɗa rawani. Ƙofar da a ke kira Shureimon ita ce wadda aka buga hotonta a jikin takardar kuɗi ta yen 2,000.

Babban zauren fadar jan gini ne na katako, rabi fasalin Sin rabi na Japan, kuma sau biyar wuta tana cin sa a tarihi. A 1945 sojan Japan sun haƙa hedkwatarsu a ƙarƙashin tudun, jiragen ruwan Amurka suka yi ta ruwan harsashi har babu abin da ya rage a tsaye. Sai a 1992 aka gama mai da shi. Da asubahin 31 ga Oktoba, 2019, gobara ta sake cinye shi ƙurmus, mutanen Naha suna tsaye suna kallo daga gidajensu. An soma sabon gini a 2022, aka yanka 2026 lokacin gamawa, kuma maimakon a rufe wurin sai aka yi wa baƙi hanya su riƙa kallon kafintoci da masu shafa jan fenti suna aiki.

Malaman makaranta za su so su ji yadda aka san fasalin ginin bayan ya ƙone. Wani malamin zane, Kamakura Yoshitaro, ya zo koyarwa Okinawa a 1921, ya shiga ɗaukar hotunan fadar da kwafe tsofaffin takardunta. A 1924 ya ji labarin za a rushe zauren don ya tsufa, ya garzaya wurin wani shaihin malamin gine-gine a Tokyo, Ito Chuta, suka sa aka fasa. Yaƙi ya zo ya yi abin da masu rushewa ba su yi ba, amma hotunan malamin da littattafan rubutunsa suna Tokyo, ba abin da ya same su. Suna cikin manyan abubuwan da magina suka dogara da su.

TSARABA

Mutumin Japan ba ya komawa gida daga tafiya hannu rabbana. Dole ya yi wa iyali da abokan aikin ofis tsaraba, saboda haka babban titin Naha, Kokusai-dori, kantunan tsaraba ne dama da hagu har tsawon mil ɗaya. Shi ne wurin da ya fara farfaɗowa bayan yaƙi, har aka yi masa laƙabi da mil na al'ajabi. Ba a tayi a kantunan, kuɗin da aka rubuta shi ne kuɗi, kuma ba a ba ma'aikacin gidan abinci ko direba goro, in ka bar canji a tebur ma sai a biyo ka da shi. A ganina rabin kayan titin nan tarkace ne irin na kowace tashar baƙi, waɗansu ma a ƙasashen waje aka yi su, don haka mai saye ya duba rubutun da ke jiki. Kayan kirki suna lunguna.

Ga kofunan gilashi masu kauri, kore da ruwan ƙasa da shuɗi, da 'yan kumfa a cikinsu. Asalin wannan fasali shi ne, bayan yaƙi maƙeran gilashi ba su da kayan aiki, sai suka riƙa tsintar kwalaben lemo da na giya da sojan Amurka suka zubar, su narke su su hura. Kumfar nan aibi ce ta narkakkiyar kwalba, amma Amurkawan suka ga ta yi musu kyau suka yi ta saye, yau kuwa da gangan a ke sa ta. Wanda ya ga yadda masagan Bida su ke narka kwalba su yi munduwa ya san aikin.

Tafiya kaɗan daga titin akwai unguwar Tsuboya, inda sarki ya tara maginan tukwane a 1682. Ita ce unguwar da wuta ta fi ragawa, kuma a ƙarshen 1945 maginanta ne aka fara bari su komo Naha, domin jama'ar da ke sansani ba su da ko akushin cin abinci. A nan a ke sayen kwanukan yumɓu masu zanen kifi, da shisa, watau 'yan zakunan da a ke ɗorawa bisa rufi ko ƙofar gida biyu biyu, ɗaya baki buɗe ɗaya baki rufe.

Amma sarkin kayan Okinawa shi ne rinin da su ke kira bingata. Ana yanke zanen furanni da tsuntsaye a jikin takarda mai ƙarfi, a shimfiɗa ta bisa ƙyalle, a shafa ƙullun shinkafa ta cikin ramukan. Inda ƙullu ya zauna launi ba ya kamawa. Sa'an nan marini ya bi sauran wuraren da ɗan burushi, launi bayan launi, ja da rawaya da shuni, daga baya a wanke ƙullun, zane ya fito. A zamanin sarauta sai 'yan sarki da manyan fadawa ke sa shi, rawaya kuwa ta gidan sarauta ce kaɗai. Da sarauta ta faɗi marina suka rasa masu saye, da yaƙi ya zo takardun zanen suka ƙone. Wani marini ɗan gado, Shiroma Eiki, ya tashi sana'ar da abin da ya samu a juji: tsofaffin taswirorin soja ya yanka zane a jikinsu, kwanson harsashi ya yi bakin mazurarin ƙullu da shi, ya riƙa rina 'yan katunan gaisuwa yana sayar wa sojan Amurka. Tsofaffin zanen kuwa da yawa daga tarin malamin nan Kamakura aka sake samo su. Cikakkiyar rigar bingata ta hannu sai mai hali, amma akwai 'yan ƙyallaye da jakunkuna daidai aljihun ma'aikaci.

Akwai kuma bashofu, saƙar zaren ayaba, ta ƙauyen Kijoka a arewacin tsibirin. Wata irin ayaba ce da a ke shukawa don zarenta, tana shekara 3 kafin a sare ta, kuma sai an sare wajen 200 kafin a sami turmi ɗaya. Zaren ba kaɗa shi a ke yi ba, ƙulla shi a ke yi sili sili da hannu. Wata mata, Taira Toshiko, ita ta raya saƙar bayan yaƙi, gwamnatin Japan ta ba ta babbar lambar masu sana'ar gargajiya a 2000, ta rasu a 2022 tana da shekara 101. Akawu kuma zai lura da cewa da zafi ma'aikatan gwamnatin lardin, har da gwamna, ba sa sa kwat da laƙataye, sai wata taguwa mai furanni da su ke kira kariyushi, ita ce kayan ofis.

ABINCI

Kasuwar Makishi tana bayan babban titin. Ta samo asali daga kasuwar bayan fage ta bayan yaƙi, an kuma buɗe sabon gininta a 2023. Ƙasa masu kifi da nama, sama masu dafuwa. Mutum ya zaɓi kifinsa a ƙasa, wani shuɗi kamar an tsoma shi a marina, wani ja wur, ya biya ladan dafuwa, ya hau bene a kawo masa a faranti.

Abincin Okinawa ba zai yi wa Bahaushe baƙunta ƙwarai ba. Shahararren cikinsu shi ne goya champuru. Goya ɗan'uwan garafuni ne, sai dai ya fi shi girma nesa, ɗacin kuwa iri ɗaya. Ana yanka shi a soya da awara da ƙwai, kalmar champuru ma ma'anarta gauraye. Suna da baƙin sukarin rake wanda ba shi da bambanci da mazarƙwaila, ana ba baƙo shi tare da shayi. Suna da sata andagi, ɗan'uwan fanke amma ya fi tauri. Dankali kuwa shi ne ya riƙe talakansu shekaru ɗaruruwa. Wani ma'aikacin jirgi, Noguni Sokan, ya kawo irinsa daga Sin a 1605, daga Okinawa ya haura Satsuma, ga shi yau duk Japan dankalin Satsuma a ke ce masa. Alewar dankali mai ruwan makuba tana cikin tsarabar da aka fi saye, amma ɗanyen dankalin doka ta hana a fita da shi zuwa sauran Japan, saboda wani ƙwaro da ke cinsa.

Sai dai Musulmi ya yi hattara, gama ana cin alade ƙwarai a nan. Su da kansu suna cewa kome na jikinsa suna ci ban da kukansa. Da yaƙi ya ƙarar da dabbobin, 'yan Okinawa mazauna Hawai suka tara kuɗi suka aiko da aladu 550 cikin jirgin ruwa a 1948. Taliyar da a ke kira Okinawa soba da romon ƙashinsa a ke yin ta, champuru ma galibi akan jefa masa nama ko naman gwangwani. Mafita ita ce kifi da awara da ganyaye, da tambaya kafin a ci. Giyarsu ta shinkafa, awamori, ita ma tana shiga wata dafuwar. A kantuna za a ga kwalabenta da maciji kwance a ciki, habu ke nan, mai mugun dafi, wanda saboda shi a ke gargaɗin baƙi kada su kutsa ciyawa da dare.

Naman gwangwanin nan gadon sojan Amurka ne, haka kuma tako raisu, watau shinkafa da niƙaƙƙen nama da cuku da tumatir, wanda aka ƙago a 1984 a garin Kin, bakin ƙofar wani barikin soja. An daɗe ana yabon mutanen Okinawa da tsawon rai, ana cewa sirrin shi ne dankali da ganye da awara, da al'adarsu ta tsame hannu tun ciki bai cika ba. A 1985 mazansu ne na ɗaya a tsawon rai cikin larduna 47 na Japan. A 2000 sun faɗo na 26. Tsofaffin da suka tashi da dankali suna nan da ƙarfinsu, 'ya'yansu da suka tashi da soye-soye da mota su ne suka ja lissafin ƙasa.

HARSHE DA KIƊA

A filin jirgin sama baƙo zai ga an rubuta mensore, watau maraba da harshen ƙasar. Abin tausayi, harshen ya fi yawa a jikin allunan talla bisa bakin yara. Bayan 1879 makarantu suka ɗauki hana shi aiki. Yaron da ya yi magana da harshen gida akan rataya masa wani ɗan allo a wuya, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani ya yi kuskuren, ya miƙa masa. Ta haka aka mai da kowane yaro ɗan rahoton ɗan'uwansa. Malamai da yawa a nan ƙasar za su tuna da doka mai kama da wannan. A 2009 hukumar UNESCO ta sa harsunan tsibiran cikin waɗanda a ke tsoron ɓacewarsu.

Inda harshen ya sami mafaka shi ne waƙa. Da dare gidajen abinci da yawa suna da mai kaɗa sanshin, wani abu kamar molo mai tsirkiya uku, an rufe ƙoƙonsa da fatar mesa. A sansanonin 1945 da babu fata babu itace, da gwangwanin abincin soja da sandar gado da igiyar laimar sojan sama aka riƙa yin sa, har yau kuma ana sayar da irin na gwangwanin. A watan bakwai na lissafin wata samari suna zaga unguwanni da ganguna suna rawar eisa ta sallamar kakanni. A Oktoba kuma a kan yi jan igiya a Naha, igiyar karan shinkafa mai tsawon wajen ƙafa 650, dubban mutane gabas da yamma, in an gama kowa ya yanki ɗan guntu ya kai gida. Kokawar karate ma da duniya ta sani ta Japan ce, a nan aka haife ta.

AREWA DA KUDU

Mai son teku arewa zai nufa, kuma sai da mota, don jirgin ƙasan bai yi nisa da Naha ba. A Motobu akwai gidan kifaye na Churaumi, wanda aka buɗe a 2002. Babban tafkinsa yana cin lita miliyan 7 da rabi, gilashinsa kauri ƙafa 2, a ciki kuwa akwai irin kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, tsawonsa ya haura ƙafa 25, amma ƙananan halittun ruwa kaɗai ya ke ci. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Maris da Afrilu, ko ƙarshen Oktoba da Nuwamba. Mayu da Yuni damina ce, daga Yuli zuwa farkon Oktoba kuwa guguwar teku tana iya tsare mutum a masauki kwana biyu ko uku ba jirgi.

A hanyar arewan nan mota za ta yi ta bin gefen shingen waya mil bayan mil. Barikokin Amurka ne. Amurka ta riƙe tsibirin tun daga 1945 har 15 ga Mayu, 1972, a shekarun ƙarshe ma da dala a ke ciniki, motoci ma sai a 1978 suka koma bin hagu kamar sauran Japan. Mulki ya koma, barikoki ba su tashi ba. Lardin bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar Japan ba, amma wajen kashi 70 cikin 100 na filayen da aka keɓe wa sojan Amurka a Japan a nan su ke. A Fabrairun 2019 aka jefa ƙuri'a kan cike teku a Henoko don gina sabon filin jiragen soja, kashi 72 cikin 100 suka ce ba su yarda ba, gwamnatin Tokyo ta ci gaba da aikin.

Kudu kuwa nan yaƙin ya ƙare. Sojan Amurka sun sauka a tsibirin ran 1 ga Afrilu, 1945, aka yi kusan wata 3 ana gwabzawa, mutum wajen 200,000 suka mutu, kusan rabinsu farar hula. Jama'a sun ɓuya cikin kogunan dutse, waɗansu wuta ta cinye su, waɗansu sojan Japan suka kore su waje, waɗansu aka tura su kashe kansu da iyalinsu don kada a kama su. A Himeyuri akwai gidan tarihi na 'yan makarantar mata 222 da malamansu 18 da aka kwashe su jiyyar sojoji cikin koguna. Mutum 136 daga cikinsu ba su komo ba. Hotunansu suna jere a bango, kowace da sunanta.

Gaba kaɗan, a Mabuni, bisa gaɓar da ke kallon teku, an kafa jerin allunan baƙin dutse a 1995, an sassaƙa sunayen mutum fiye da 240,000. Ba a ware abokin gaba ba, akwai 'yan Okinawa da Japanawa da Amurkawa da Ingilishi da mutanen Koriya da na Taiwan, kuma kowace shekara ana ƙara waɗanda aka gano. A wani wurin ba suna, sai dai a rubuta ɗan wane ko 'yar wane, domin gidan duka ya ƙare, ba wanda ya rage da zai faɗi sunan jaririn. Ran 23 ga Yuni makarantu da ofisoshin lardin suna rufewa, da tsakar rana kowa ya yi shiru na minti ɗaya, tsofaffi kuma su zo da jikokinsu da ruwa da abinci da furanni, su zauna gaban allon da sunan gidansu ya ke.